Zafi Uku da Kalma Ɗaya: Sanyaya Tobo a Inji Maras Lagireto da Matsalar Bayyana Shi da Hausa a Yankin Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake sanyaya na'urar tobo idan aka ɗora ta a kan injin motar da iska ke sanyaya shi, sannan ta auna ko kalmomin da ake amfani da su wajen fassara irin wannan bayani sun wadatar. An ɗauki yankin Jega da Aliero da Maiyama a matsayin farfajiyar nazari saboda tsananin zafin bazararsa da yawan injuna marasa lagireto da ke aiki a cikinsa. Maƙalar ta nuna cewa kalmar "sanyaya" tana lulluɓe ayyuka uku mabambanta, kuma Hausa tana da aikatan da suka fi ta dacewa da kowane ɗaya daga cikinsu.

1.0 Gabatarwa

Garin Jega yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora, kuma a nan ne hanyar Birnin Kebbi take haɗuwa da ita. Aliero tana arewa maso gabas da shi, Maiyama kuma tana kudu. Duk ukun hedikwatocin ƙananan hukumomi ne a Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1991. Kasuwar Jega ta yi suna tun cikin ƙarni na 19, albasar Aliero kuwa har ƙetaren iyakar Nijeriya ake kai ta. Noman wannan kaya da jigilarsa a yau sun dogara ne kacokan a kan injuna.

Injunan kuwa gida biyu ne. Akwai na manyan motocin dizal da ke lodin albasa da shinkafa, waɗanda akasarinsu suna da tobo, suna kuma da lagireto mai cike da ruwa. Akwai kuma ƙananan injuna da ba su san ruwa ba sam: na babur, da na keke napep, da injin ban-ruwa a fadama, da ƙaramin janareto. Bakaniken yankin ya san kowane gida daga cikin biyun. Inda ba kasafai yake tsayawa ba shi ne mahaɗarsu, wato inji maras lagireto da aka ɗora wa tobo. Wannan mahaɗa ce ta fi dacewa da gwada ƙarfin harshe, domin da zarar an cire ruwa daga lissafi, dole a kira kowace hanya da zafi ke bi ya fita da sunanta. Batun yana da muhimmanci a yankin da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 take koyar da injiniyanci da Ingilishi, alhali yaran gareji, waɗanda su ne hannunsu ke kan injin, da Hausa suke koyon aikin.

2.0 Bosuwaja a matsayin abin misali

Motar da ta fi kowace sanar da 'yan Nijeriya inji maras lagireto ita ce Volkswagen Beetle, wadda Hausawa suka hausantar da sunan kamfaninta suka ce Bosuwaja. An fara harhaɗa ta a Legas a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ita ma ta fara aiki. An daina ƙera ta a duniya a 2003 a ƙasar Meziko, bayan an yi sama da miliyan 21.

Injinta yana baya, silinda huɗu ne kwance, biyu dama biyu hagu. An yi wa jikin kowace silinda da kanta wasu siraran haƙarƙari na ƙarfe domin a ƙara faɗin wurin da iska za ta taɓa. Fanka ɗaya ce take turo iskar, fambel ne ke juya ta, kuma wasu gwangwanaye da aka lanƙwasa suna raba iskar zuwa inda ake buƙata. Bisa ƙiyasin da aka saba yi, kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙarfin da ke cikin fetur ne yake zama tafiya. Kashi ɗaya yana fita ta salansa, ɗayan kuma dole a kwashe shi daga jikin injin.

Abin lura a nan shi ne, iska ba ita kaɗai take wannan aiki ba. Baƙin mai yana ɗauko zafi daga ƙarƙashin fistan da sauran wuraren da iska ba ta isa, ya kai shi wata 'yar na'urar sanyaya mai da ke cikin rumfar fanka. Kafin samfurin 1971, wannan na'ura tana tsaye ne a kan hanyar iskar da za ta je silinda ta uku, saboda haka silindar take samun iskar da ta riga ta ɗumama, kuma bawul ɗinta na fitar da hayaƙi ya yi ƙaurin suna wajen ƙonewa. Daga baya aka mayar da na'urar gefe, aka ba ta tata hanyar iska. Duk man da ke cikin injin lita 2.5 ne, kuma ba shi da filta ta gaske sai wata 'yar rariya a ƙasa. Waɗannan abubuwa biyu, ƙarancin mai da rashin filta, su ne za su zama tushen matsala idan tobo ta shigo.

3.0 Tobo: zugazugin da hayaƙi ke zugawa

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar tobo a 1905. Hanya mafi sauƙi ta bayyana ta ga Bahaushe ita ce a tuna masa da maƙera. Maƙeri ba ya ƙara wa wuta ƙarfi da gawayi kaɗai, sai ya haɗa da zugazugi. Tobo zugazugin inji ce, sai dai ba yaro ke zuga ta ba. Farfela biyu ce a kan sandar ƙarfe ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana danna iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, sai a ƙara fetur, sai ƙarfi ya ƙaru. Sandar tana iya wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, kuma hayaƙin injin fetur da ke dukan farfelar farko yana iya kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, ko ma ya ɗara.

Haɗa tobo da inji maras lagireto ba baƙon abu ba ne a tarihin ƙera motoci. Kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da Corvair mai tobo a 1962. Kamfanin Porsche na Jamus ya fitar da 911 Turbo a 1975, ya kuma ci gaba da ƙera injuna masu shan iska har 1998. Kamfanin Deutz ma ya daɗe yana ƙera injunan dizal marasa lagireto masu tobo. Amma akwai adadi ɗaya da ya kamata a riƙe: injin Porsche yana ɗaukar baƙin mai fiye da lita 10, wato ninki huɗu na abin da Bosuwaja take ɗauka. Waɗanda suka ƙera shi sun san cewa sunan "mai shan iska" rabin gaskiya ne.

4.0 Zafi na farko: cikin tobon kanta

Tsakanin farfela mai zafi da farfela mai sanyi akwai wani ɗan gida na ƙarfe inda sandar take juyawa. A yawancin tsofaffin tobo ba boris ne ke riƙe da ita ba, bushi ne, kuma sandar ba ta taɓa bushin kai tsaye. Tana yawo ne a kan siririn labulen mai da famfon inji yake turowa. Wannan man yana aiki biyu a lokaci guda: yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma kwashe zafin da ke malalowa daga ɓangaren hayaƙi ya koma da shi cikin inji. A motar da take da lagireto, tun daga shekarun 1980 aka fara ratsa bututun ruwa ta jikin wannan gida domin ya taimaka. A inji maras lagireto babu wannan ruwa. Baƙin mai ne kaɗai, kuma shi ne dai man da tun farko yake fama da zafin fistan.

A ɗauka wani bakanike a Jega ya samo tobo daga kasuwar kayan gyara yana son ɗora ta a kan tsohuwar Bosuwaja. Ɗaure ta a jikin salansa shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana wajen mai. Dole ya ƙara yawansa ta hanyar zurfafa kwanon da ke ƙasan inji. Dole ya sa filta ta waje, domin ƙwayar yashi ɗaya da rariya za ta bari ta wuce ta isa ta karce sandar da ke wannan gudu. Dole ya ƙara na'urar sanyaya mai ta biyu a inda za ta sami iska mai tsabta, ba wadda ta riga ta bi ta kan silinda ba. Sannan akwai maganar komawar man. Da matsi yake shiga tobo, amma da nauyinsa kawai yake fita, kuma yana fitowa da kumfa. Saboda haka bututun komawa sai ya fi na shiga faɗi, ya gangara ba tare da kwana ko kwari ba, ya shiga inji a saman inda mai yake kwanciya. Idan tobon ta yi ƙasa da yawa, man zai taru a cikinta ya tsallaka zuwa salansa, motar ta riƙa tuƙa shuɗin hayaƙi, a yi ta zargin ringi alhali ringi lafiyarsa lau. Injiniyoyin Porsche sun ajiye tasu tobon a ƙasa, shi ya sa suka ƙara wani ɗan famfo na musamman mai zuƙe man daga gare ta.

Idan kuma tobon da aka samo mai ƙofofin ruwa ce, ana iya yi mata nata ɗan ƙaramin lagireto da famfon lantarki. Dabarar tana aiki, amma ta dawo da duk abin da aka guje wa tun farko: tiyo mai fashewa, da ruwa mai ƙafewa, da waya mai tsinkewa a tsakiyar hanyar Maiyama. Ga motar da za ta yi aiki nesa da babban gareji, tobo mai bushi wadda aka ƙera domin mai kaɗai ta fi hankali.

Babban haɗarin kuwa ba a lokacin gudu yake ba. Yana zuwa ne bayan an tsaya. Muddin inji yana aiki, mai yana zagayawa yana kwashe zafi. Da zarar an murɗa makulli, famfon mai ya tsaya, fanka ta tsaya, amma kaskon ƙarfen da ke ɓangaren hayaƙi yana nan da zafinsa, wani lokaci har ya yi ja. Zafin ba shi da mafita sai ta jikin sandar, ya gangara zuwa inda ɗan sauran mai yake kwance. Man ya dahu, ya ƙone, ya zama gawayi mai tauri a jikin bushi da cikin ƙananan ramukan da yake bi. Gobe a sake, jibi a sake, har ramukan su toshe, tobon ta mutu da ƙishirwa alhali inji cike yake da mai. Akwai wata ɗabi'a da direbobi da yawa suka gada daga zamanin kafireta, ta taka totur sau ɗaya da ƙarfi kafin a kashe mota. Ga tobo babu abin da ya fi wannan muni, domin yana tayar da sandar zuwa babban gudu a daidai lokacin da za a yanke mata mai. Maganin ba ya cin ko kwabo: a sassauta gudu kafin a iso, a bar inji yana aiki a hankali na minti biyu ko uku, sannan a kashe. Wannan ya shafi direban babbar motar da ta tsaya lodin albasa a Aliero kamar yadda ya shafi mai Bosuwaja.

4.1 Zafi na biyu: iskar da aka danna

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san bakin famfon yana ɗaukar zafi. Iska in an matse ta, zafi take yi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan wuce digiri 40. Idan tobo ta ɗauki iska mai digiri 40 ta ƙara mata matsi da rabin na sararin samaniya, lissafi ya nuna za ta fito da kimanin digiri 95, in an ƙaddara ingancin farfelar kashi 70 cikin 100 ne. A ƙasar da zafinta yake digiri 20, tobon nan dai za ta fitar da iska mai kimanin digiri 71. Ke nan littafin da aka rubuta a Jamus bai yi ƙarya ba, amma ba da bazarar Jega aka auna shi ba.

Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka wani ɓangare na ribar tobo ya zube. Mafi muni kuma, tana sa fetur ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci sannu a hankali daga tartsatsin fulogi. Wannan fashewar ba-zata tana fasa ringi, tana huda fistan, kuma man bumburutu da ba a san ingancinsa ba yana ƙara kusanto da ita. Maganinta shi ne intakula, wato lagireton iska, wanda iskar da aka danna take ratsawa ta rage zafi kafin ta shiga inji. Porsche ta ƙara shi a 1978. Sai dai akwai sharaɗi: idan kafireta tana gaban tobo, kamar yadda aka yi a Corvair, abin da ke cikin bututun iska ce gauraye da fetur, kuma tara irin wannan a cikin intakula ajiye bam ne. Sai in tobon ce take hura iska zalla zuwa kafireta ake sa shi.

4.2 Zafi na uku: kan silinda

Ƙarin ƙarfi ƙarin wuta ne, alhali haƙarƙarin da fankar suna nan yadda aka ƙera su domin inji mai ƙarfin doki 50 ko ƙasa da haka. Kan silindar na alminiyon ne, kuma alminiyon yana fara rauni idan ya daɗe sama da digiri 200. Ga kuma wani saɓani: gudun fanka yana bin juyin inji, zafin da tobo ke jawowa kuwa yana bin nauyin aiki. Mota mai lodi fiye da kima da aka bari a babbar giya tana fama da rairayi ita ce ta haɗa mafi yawan wuta da mafi ƙarancin iska.

Wurin da aka ajiye tobon ma yana da tasiri. Gwangwanayen injin Bosuwaja da robar da ke kewaye da su sun raba ɗakin inji biyu, sama iska mai sanyi da fanka ke zuƙa, ƙasa iska mai zafi da ta gama aiki. Tobon da aka ɗora a sama ba tare da garkuwa ba murhu ce a bakin fanka. Yawan jefar da waɗannan gwangwanaye da ake yi a gareji da sunan "inji ya sha iska" kuskure ne, domin iskar da ba a nuna wa hanya ba ta gefe take bi. Ƙurar hunturu kuma idan ta haɗu da yoyon mai sai ta zama laka a tsakanin haƙarƙari, bazara ta zo ta tarar da inji sanye da bargo.

Abin da ya sa rarrabe zafin uku ya zama tilas shi ne, maganin ɗaya yakan zama cutar ɗaya. Idan aka jinkirta tartsatsin fulogi domin a kauce wa fashewar ba-zata, hayaƙi yana fita da ƙarin zafi, tobo ce za ta biya. Idan aka naɗe tobo da bargon hana zafi domin a kare fanka, zafin ya daɗe a cikinta bayan an kashe inji.

5.0 Abin da Hausa take da shi

Mai fassara da ya ci karo da wannan bayani yakan ɗauki "sanyaya" ya shafa a ko'ina: sanyaya tobo, sanyaya iska, sanyaya inji. Mai karatu kuwa sai ya zaci aiki ɗaya ne da magani ɗaya. Alhali Hausar ɗakin girki da ta teburin mai shayi ta daɗe da rarrabe waɗannan ayyuka. Ana fifita abu idan an kaɗa masa iska, kuma abin da fanka take yi wa haƙarƙarin silinda ke nan. Ana surka ruwan zafi da na sanyi, kuma wannan ya dace da dabarar ƙara fetur fiye da buƙata, ko fesa ruwa cikin iskar inji domin a karya zafin wuta, kamar yadda aka yi a motar Oldsmobile Jetfire ta 1962. Mai shayi yana sheƙa shayi tsakanin kofi biyu domin ya sha iska a kan hanya, wanda ya yi kusa da aikin intakula. Baƙin mai kuwa kwashe zafi yake yi, ya ɗauka daga nan ya sauke a can. Sai kuma huce, wanda abu yake yi da kansa idan an ba shi lokaci. Kalmar "tobo" ta riga ta zauna a bakin direbobi, ba ta buƙatar maye. Aikatan ne ya kamata masu tsara kalmomin fannu su mayar da hankali a kansu, domin su ne suke faɗa wa mutum abin da zai yi.

Akwai kuma kalmomi biyu da suke buƙatar taka-tsantsan. "Baƙin mai" ya sanya wa man inji suna da launin da yake komawa bayan ya yi aiki, don haka baƙinsa ba ya tayar wa kowa hankali, kuma sunan bai nuna komai ba game da kwashe zafi. Duk bayanin da za a rubuta sai ya fito da wannan aiki na biyu ƙarara. "Inji ya buga" kuwa a gareji yana nufin inji ya lalace ya tsaya. Kalmar Ingilishin da aka fassaro shi daga gare ta, a littattafan injiniyanci tana nufin fashewar ba-zata ne, wato gargaɗin da ke zuwa kafin lalacewa. Mai fassarar da ya ce "inji yana bugawa" ya haɗa gargaɗi da ta'aziyya a kalma ɗaya.

Mafi wuyar duka ita ce jerantawa. A maganar yau da kullum, idan injin ban-ruwa ko babur ya ɗauki zafi, cewa ake yi "kashe shi ya huce", kuma ga waɗannan injuna maganar daidai ce. Yaron da ya tashi a fadamar Aliero da wannan jimla a kunnensa zai kai ta kan mota mai tobo ba tare da ya yi tunani ba. A can kuwa jerin ya juye: hucewa ce take gaba, kashewa ta biyo baya. Umurnin da ya kamata a rubuta a gaban direba shi ne "Bar shi yana aiki ya huce, sannan ka kashe". Idan aka gajarta shi zuwa "Bar inji ya huce", direba zai karanta, ya gyaɗa kai, ya murɗa makulli.